Me ya sa Tonga ta dogara da igiyar intanet guda ɗaya?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a 2022 wata ƙasa a tekun Fasifik mai suna Tonga ta yi fiye da wata guda babu intanet, wai dutse ne ya yi aman wuta ya tsinke musu waya a ƙarƙashin ruwa. Ni ɗalibin injiniyan sadarwa ne, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne kada a dogara da hanya ɗaya. Yaya kamfanin sadarwa na ƙasa guda zai yi irin wannan ganganci? Kuma ba ga tauraron ɗan'adam ba?

Amsa: Ƙanena, abin da malamanku suka koya muku daidai ne, kuma ina tabbatar maka injiniyoyin Tonga sun san shi kamar yadda ka san shi. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne wa zai biya kuɗin hanya ta biyun. Na yi shekaru ina aikin layukan gilashi da ƙarafan sabis, kuma ban taɓa ganin inda aka rasa hanya ta biyu saboda injiniya bai yi tunaninta ba. Kullum a ofishin kuɗi maganar take mutuwa. Amma akwai wurin da nake ganin an yi sakaci a Tonga, zan zo kansa.

Fara da sanin ƙasar. Tonga masarauta ce, tsibirai kusan 170, waɗanda ake zaune a kansu ba su kai 50 ba. Ƙidayar 2021 ta ba su mutum dubu 100 da 'yan kai. Ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birnin Kano ta ninka su. Kusan kashi uku cikin huɗu suna zaune a babban tsibirin Tongatapu, inda babban birni Nuku'alofa yake. Sauran sun warwatsu: Ha'apai a tsakiya, Vava'u wajen kilomita 300 arewa, sai tsibiran Niua can ƙurya, waɗanda sun fi kusa da Samowa a kan babban birnin ƙasarsu. Kamfanoni biyu ne manya ke sayar da layi da data. Akwai Tonga Communications Corporation, wato TCC, na gwamnati, akwai kuma Digicel, wanda ya shigo ta hanyar sayen wani kamfanin cikin gida mai suna TonFon. Igiyar da ta tsinke ba ta ɗayansu ba ce kai tsaye. Ta kamfani na uku ce, Tonga Cable, wanda aikinsa sari ne: shi ke riƙe da igiyar, su kuma su saya a wurinsa su sayar wa jama'a. Gwamnati da TCC da Digicel duk suna da hannun jari a cikinsa. Don haka ko ka riƙe layi biyu a aljihu, irin dabarar da muke yi a nan, ba ka tsira ba, domin daga bakin teku duk ta bututu ɗaya suke fita.

Igiyar tsawonta kilomita 827, daga Tongatapu zuwa Fiji, inda take haɗuwa da babbar igiyar Southern Cross mai zuwa Ostireliya da Amurka. An kunna ta a watan Agustan 2013. Ta ci sama da dala miliyan 30, kuma mafi yawan kuɗin daga Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Asiya suka fito. Ɗauki biro ka raba: sama da dala 300 a kan kowane ɗan ƙasa, har da jariran goye da tsofaffin da ba su taɓa riƙe waya ba. Wannan kuɗin shimfiɗawa ne kawai, ba a sa na kula da ita ba, ba a sa kuɗin da ake biya duk shekara don jirgin gyara ya zauna cikin shiri ba, ba a sa hayar hanya daga Fiji zuwa gaba ba. Tsadar igiya nisan teku ke yanke ta, babu ruwanta da yawan masu amfani da ita. Kilomita 800 da za su kai ka ga mutum miliyan 20 da waɗanda za su kai ka ga dubu 100 kuɗinsu ɗaya. Shi ya sa babu ɗan kasuwar da ya shimfiɗa ta farkon da kuɗinsa, balle ta biyu. Kafin 2013 da tauraron ɗan'adam kaɗai ƙasar take magana da duniya.

Akwai kuma igiyar cikin gida da aka kunna a 2018, wadda ta tashi daga Tongatapu ta bi ta Ha'apai ta kai Vava'u. Riƙe wannan a ranka, domin ita ce ta fi wahala a labarin, ita ce kuma 'yan jarida suka fi mantawa da ita.

Ranar 15 ga Janairun 2022 dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai, wanda mafi yawansa a ƙarƙashin ruwa yake, wajen kilomita 65 arewa da babban birni, ya fashe. Toka ta tashi sama da kilomita 50, ambaliyar tsunami ta hau tudu. Mutane suna zaton wuta ce ta ƙone wayar. Abin da ya faru shi ne tarin toka da tsakuwa da dutsen ya watsa sama sun dawo sun faɗa teku, suka gangara ƙasan ruwa kamar ambaliya a kwari. Masu bincike sun yi amfani da lokacin da kowace igiya ta daina aiki suka auna gudun wannan ambaliyar, ya kai kilomita 122 a awa, a ƙarƙashin ruwa. Igiyar teku a wuri mai zurfi kaurinta bai wuce tiyon ban-ruwan lambu ba. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, da ƙarfe, da jan-ƙarfe mai ɗaukar lantarki zuwa na'urorin ƙara wa haske ƙarfi da ake jerawa a kan hanya. Kusa da gaɓa ake yi mata sulke a binne ta saboda masunta da jiragen ruwa. A zurfi kuwa ajiye ta kawai ake yi a ƙasa, domin a al'ada babu abin da ke taɓa ta a can.

Ka san yadda ake gano inda ta yanke: a tura haske daga tashar gaɓa, a auna lokacin da ya ɗauka ya dawo. Awon farko ya nuna matsala wajen kilomita 37 daga Tongatapu. Sai dai wannan awo yankan farko kaɗai yake nuna maka, abin da ke bayansa ba ka gani. Jirgin gyara mai suna Reliance yana Port Moresby ta Papuwa Niyu Gini a lokacin, fiye da kilomita 4,000, sai da ya biya ta Samowa ya ɗauki kaya. Da ya iso aka tarar ba yanka ɗaya ba ne. Kusan kilomita 90 na igiyar sun tsitstsinke, wasu sun matsa daga inda aka ajiye su, wasu toka ta binne su. Gyaran da aka saba shi ne a jefa ƙugiya a jawo baki ɗaya a ɗaure shi da abin da zai sa ya yi iyo, a jawo ɗayan, a jona sabon guntu na 'yan kilomitoci, a gwada, a mayar. Ba kamfanin da ke ajiye rarar kilomita 90 a sito. Sai da aka aro igiya daga wasu kamfanoni aka harhaɗa. Ranar 22 ga Fabrairu intanet ya dawo Tongatapu, bayan kwana 38. Ka ƙara da cewa a cikin waɗannan makonni ne cutar korona ta shiga ƙasar, aka kulle gari, ga shi kayan agaji ma ba a yarda a miƙa su hannu da hannu ba.

Ta cikin gida kuwa, wadda ta bi kusa da dutsen, an lalata fiye da kilomita 100 nata, kuma irinta daban ce, babu mai rarar da za a ara. Sai da aka ba da odar a ƙera sabuwa. Mutanen Vava'u da Ha'apai ba su sake samun igiya ba sai tsakiyar 2023, shekara ɗaya da rabi. Duniya ta ji labarin kwana 38 ne saboda babban birni ya dawo.

To, tauraron ɗan'adam fa? Yana nan, kuma shi ya riƙe ƙasar. A kwanakin farko toka ta rufe sama ta kuma lulluɓe farantan kama tauraro da sola, wutar lantarki ta ɗauke, har wayoyin tauraro na hannu suna kamawa suna saki. Bayan 'yan kwanaki Digicel ya yi amfani da farantin Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Tongatapu ya dawo da kiran ƙasashen waje a kan 2G. Amma ka san bambancin. Tauraron da ke tsaye wuri ɗaya yana sama da mu da kusan kilomita 36,000, saƙo ya je ya dawo ya haura rabin daƙiƙa, ba ma wannan ne babban ciwon ba. Babban ciwon faɗin hanya ne da tsadarta. Ƙasar da ta yi fiye da shekara takwas tana shan intanet ta igiya ta riga ta canza: bankuna, na'urorin cire kuɗi, tikitin jirgi, asibiti, kwastan, duk sun hau kai. Abin da ya ishe su a 2012 a 2022 bai kai cikin cokali ba. Kuma ba a sayen hanyar tauraro kamar katin waya ranar da ake bukata. Sai an kafa faranti mai duban wannan tauraron, an daidaita na'urori, an gwada, an sa hannu a kwangila, ana kuma biya duk wata ko ana amfani ko ba a yi.

A nan ne nake ganin laifi, domin an riga an yi musu gargaɗi. A watan Janairun 2019, shekara uku cif kafin dutsen, igiyar nan ta tsinke, ana zargin angar wani jirgin ruwa ce ta ja ta. Ƙasar ta yi kusan mako biyu tana lallaɓawa da ɗan abin da tauraro ya bayar, mutane suna layi a ofishin kamfanin waya don su aika saƙo, har hukumomi suka ce za a danne Facebook da YouTube don bankuna su samu hanya. Kamfanin tauraron ɗan'adam na Singafo mai suna Kacific ya taimaka a lokacin, daga baya aka ƙulla yarjejeniyar shekara 15 da shi a kan dala miliyan 5.7. Sai rigima ta ɓarke a kan ko yarjejeniyar tana da inganci, gwamnati ba ta biya ba, magana ta tafi gaban masu sasanci. Ranar da dutse ya fashe rigimar ba ta mutu ba, sai da aka yi kwanaki kafin a buɗe wa kamfanin hanya ya kawo agaji. Ba zan ce ga mai gaskiya a shari'ar ba, wannan aikin lauyoyi ne. A matsayina na injiniya dai, ƙasa mai igiya ɗaya wadda ta riga ta ga tsinkewarta sau ɗaya bai kamata ta kai shekara uku babu ajiyayyar hanya gwadajjiya mai faɗi ba, ko da wane kamfani ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rashin igiya ta biyu talauci ne da nisa, ina yi musu uzuri. Wannan kuwa ba na yi.

Kada kuma ka ɗauka yawan igiyoyi shi ne magani. Ka tuna ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da bankuna suka tsaya a Najeriya da Gana da maƙwabta? Igiyoyi huɗu ne, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala kusan lokaci ɗaya a gaɓar Kodebuwa, saboda duk ta yanki ɗaya suka bi. Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Wani wuri da na yi aiki mun sayi hanya biyu daga kamfanoni biyu, a takarda kowace da launinta, muna ta alfahari. Ranar da motar haƙa ta masu gyaran titi ta kafa haƙori a bakin wata gada, duka biyun suka mutu a daƙiƙa ɗaya. Ashe a rami ɗaya suke kwance, ɗaya kamfanin haya ya karɓa a wurin ɗayan. Da Tonga tana da igiya ta biyu da ta fita ta gefen wannan dutse, da tare za su tafi.

Akwai abin da ya sa rashin sabis ya fi yi wa Tonga ciwo fiye da yadda ƙanƙantarta za ta sa ka zata. 'Yan asalin Tonga da ke Niyu Zilan da Ostireliya da Amurka sun fi na gida yawa, ga kuma masu zuwa cirani tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonakin ƙasashen biyu na farko. Kuɗin da suke aikowa gida ya haura kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikin ƙasar, yana cikin mafi yawa a duniya. Wannan kuɗin ta igiyar nan yake biyowa. A daidai lokacin da gidaje suka rushe, ruwan sha ya gurɓace da toka, ɗa yana birnin Okland na Niyu Zilan da kuɗi a hannu ya kasa aika wa uwarsa, ya ma kasa jin ko tana raye. Duk wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar waje mai riƙe da gida ya san nauyin wannan.

Ko ba bala'i, riƙe kamfanin waya a irin wannan wuri aiki ne mai cin rai. Ƙarfen sabis a tsibiri mai mutum 300 kuɗinsa ɗaya da na unguwa mai mutum dubu 30, ko ma ya fi, domin man janareta da batir da injiniya duk a jirgin ruwa za su je, jirgin kuma ba kullum yake tashi ba. Iskar teku mai gishiri tana cinye ƙarfe. Guguwa tana zuwa: Ian ta daki Ha'apai a 2014, Gita ta daki Tongatapu a 2018 har ta rushe ginin majalisar dokoki. Ƙwararren da ka horar da kuɗinka gobe ya samu aiki a Niyu Zilan. Ranar Lahadi kuma, bisa tsarin mulkin ƙasar, kasuwa a rufe take, jiragen sama ba sa zirga-zirgar da suka saba, in kayan gyaranka suna hanya sai Litinin. Kamfanin gwamnati irin TCC ba shi da damar cewa tsibiri kaza ba riba, na janye. Ribar Nuku'alofa ce ke ɗaukar nauyin Niua.

Wannan ne ya sa zuwan Starlink ya zama abu mai fuska biyu. A Fabrairun 2022 kamfanin ya ba Tonga farantai 50 kyauta, aka raba su har ƙananan tsibirai, kuma sun yi amfani. Taurarinsa suna yawo ne a wajen kilomita 550, don haka jinkirin kaɗan ne, farantin kuma mutum ɗaya zai kafa shi. Daga baya mutane suka riƙa sayo farantai daga waje suna amfani da su ba tare da kamfanin yana da lasisi a ƙasar ba. A ƙarshen Yunin 2024 girgizar ƙasa ta sake tsinke igiyar cikin gida, Vava'u da Ha'apai suka sake shiga duhu, a daidai farkon lokacin da baƙi ke zuwa kallon manyan kifayen teku, wanda shi ne kakar masu masauki a Vava'u. Ana cikin haka hukuma ta umarci Starlink ya dakatar da sabis saboda rashin lasisi. Jama'a suka yi ca, ba a jima ba aka ba shi izinin wucin gadi. Lokacin umarnin bai yi kyau ba ko kaɗan. Amma ka dubi abin da ke cikin zuciyar mai kula da harkar: waɗanda za su iya sayen faranti su biya kuɗin wata su ne otal-otal da manyan 'yan kasuwa da ofisoshi, wato kwastomomin da kuɗinsu ke riƙe da ƙarfen sabis ɗin ƙauye. In suka tafi, mai ƙaramar waya da ke sayen data ta kwana ɗaya ba shi da faranti, kuma kamfanin da ke ba shi sabis ya rasa abin biyan mai. A ganina abin da ya fi dacewa shi ne Starlink ya yi aiki da lasisi ya biya haraji kamar kowa, kamfanonin gida su ma su riƙa sayen hanyarsa suna ciyar da ƙarafansu na nesa da ita.

Saura tambayar wa ke biyan hanya ta biyu, tunda kasuwa ba za ta biya ba. Amsar a yanzu siyasar manyan ƙasashe ce. A 2022 kamfanin Telstra na Ostireliya ya kammala sayen reshen Digicel na Fasifik, mai aiki a ƙasashe shida har da Tonga, a kan dala biliyan 1.6, kuma gwamnatin Ostireliya ce ta samar da dala biliyan 1.33 daga ciki. Kowa ya fahimci dalili: gudun kada wani kamfanin Sin ya saye shi. Haka aka yi a tsibiran Solomon, inda Ostireliya ta ɗauki nauyin igiyar Coral Sea bayan an fara magana da kamfanin Huawei na Sin. Ƙananan ƙasashen sun gane wannan gasar kuma suna cin moriyarta, ban ga laifinsu ba. Tuvalu, wata ƙasar Fasifik mai mutum wajen dubu 10, wadda wani babban kaso na kuɗin shigarta daga hayar adireshin intanet na .tv yake zuwa, sai a ƙarshen 2024 igiyarta ta farko ta iso gaɓar babban birninta Funafuti, reshe daga wata igiyar Google.

Wannan dabarar reshe ita ce ya kamata ka karanta sosai, domin ita ce ta sauƙaƙa lissafin. In babbar igiya za ta ratsa teku daga nahiya zuwa nahiya, ana iya sa mata mahaɗa a tsakiyar ruwa, ƙaramar ƙasa ta ja 'yan ɗaruruwan kilomita ta jona, maimakon ta shimfiɗa dubbai. Ita ce hanyar da Tonga ta bi: a 2024 Ostireliya da Niyu Zilan suka sanar za su biya kuɗin reshe daga igiyar Hawaiki, wadda ta haɗa ƙasashen biyu da Hawai da yammacin Amurka. Kuma a Vava'u aka tsara reshen zai sauka, nesa da inda ta farko ta sauka, wanda shi ne daidai. In ta Fiji ta tsinke, a fita ta arewa. In ta cikin gida ta tsinke, Vava'u tana da tata ƙofar, Tongatapu tana da tata.

Ga aikin gida tunda kai ɗalibi ne. Zana wuraren nan uku a takarda, Tongatapu da Ha'apai da Vava'u, ka ja igiyar Fiji daga ta farko, reshen Hawaiki daga ta ƙarshe, ka haɗa tsakaninsu da ta cikin gida. Sai ka riƙa goge layi ɗaya-ɗaya kana duba wa ya rage a duhu, sannan ka goge biyu tare kamar yadda dutsen ya yi a 2022. Za ka ga a wannan halin babban birni, inda kashi uku cikin huɗu na mutane suke, ba shi da hanyar kaiwa ga sabon reshen, domin layin da zai kai shi Vava'u shi ne wanda ya tsinke a 2022 ya sake tsinkewa a 2024. Lissafa mini faɗin hanyar tauraron da za ka ajiye wa Tongatapu don bankuna da asibiti da filin jirgi da masu karɓar kuɗi daga waje su ci gaba da aiki na kwana 40, da abin da za ka fara dannewa in bai isa ba, ka turo mu duba tare.